Sukuru Ɗari Tara da Shafi na Biyu

Zuwa ga Hedimasta,

Ina gaishe ka gaisuwar dangin nesa, irin wadda ba a yi sai da dalili. Yaya makaranta, yaya maiɗakinka da yara? Ciwon bayan nan naka ya bar ka ka huta? Ni lafiyata ƙalau, in ban da idona da ya fara gajiya da leƙen ƙarafa a ɗakin gwaji.

Na san kakarka da kakata ne suka haɗa uwa, kuma akwai mutum goma da suka fi ka kusa da Inna. Amma kai ne katangarka take jikin tata, kuma kai kaɗai ne a danginmu za ka karanta takarda ba ka ƙara mata gishiri ba. A waya ba na iya magana. Duk lokacin da na kira Inna, Yaya yana kusa, sai ya ce a buɗe murya kowa ya ji. Shi ya sa na koma biro. Direban motar kaya zai riƙa kawo maka.

Ga abin da na ji. Yaya ya sa Inna ta yi masa alkawari cewa in ɗakinta ya sake yoyo a daminar bana, za ta tattara ta koma gidansa. Na san ɗakin da ya tanadar mata, na bayan gareji, wanda tagarsa take kallon janareta. Na kuma san tela da mai gyaran waya sun riga sun zo sun auna gaban gidanmu, kowa ya zaɓi inda shagonsa zai kasance. Ka san Inna da alkawari. In ɗigo ɗaya ya sauka za ta tafi, ko da tana kuka.

To, maganar rufi. Yaya yana son irin na gidansa, wanda ba a ganin kan ƙusa ko ɗaya. Rufi ne mai kyau, ba na musu. Amma masu kafa shi sai an ɗauko su daga nesa, kuma sun ce ba su da sarari sai bayan damina. Wato Inna ta zauna wurinsa "na ɗan lokaci". Na san ɗan lokacin Yaya. Keken ɗinkin Inna da ya ara na ɗan lokaci, bana shekararsa shida.

Na zaɓi kwano na yau da kullum, mai kauri, fari saboda zafi, wanda ake ɗaurewa da sukuru daga sama, kawunansu a waje kowa yana gani. Kafintan unguwa zai gama shi cikin kwana huɗu. In iska ta zo da haukarta, sukuru ya fi ƙusa riƙo nesa ba kusa ba, kuma in wani ya lalace ana hango shi daga tsani. Kowane sukuru yana da baƙin zoben roba a ƙarƙashin kansa, shi ne yake toshe hujin. Wajen ɗari tara za su shiga. A ƙara yawansu a gefe da kusurwa, domin ta nan iska take fara cizo. A share garin ƙarfe in an gama, kada ya yi tsatsa. Sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a duba, kada a bar ko ɗaya a sake.

Takardar ta cika, ga ta biyu.

Abin da ya fi komai: kada a matse fiye da kima. Ana murɗawa ne har robar ta zauna ta ɗan kumbura, sai a tsaya. In aka ci gaba sai ta tsage ta fito gefe kamar harshe, kwanon ya lotsa, wurin ya zama ɗan tafki da huji a tsakiya. Kwano a wuri mai zafi miƙewa yake yi da rana, ya takure in ya huce, robar ce take ba shi wurin motsi. In kana son misali, dubi yadda Yaya yake riƙe da mutane. Matsa su yake yi har su tsage, sannan ya turo tumbi a gaban ƙofar nan tasa mai zakuna biyu na siminti, waɗanda suka fi kama da karnukan da suka kwana da yunwa, yana faɗa wa baƙi irin ɗawainiyar da yake yi da mu. Mutumin da bai taɓa canja wa uwarsa ƙwan fitila ba sai an ɗauke shi hoto. Kada a yi wa sukuru abin da Yaya yake yi wa dangi.

Ka karanta wa duk wanda zai sa hannu. Ka gaishe da Inna, ka ce ta daina ɗaga bokiti da kanta.

'Yar'uwarka, wadda kuke kira Injiniya in kuna jin tsokana.

*

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Iyali suna amsawa. Bayana da sauƙi, sai dai in na daɗe a tsaye gaban allo. Inna tana nan lafiya, ƙafar dai ce take damunta in hadari ya haɗu.

Takardarki ta iso ranar Asabar, kuma ta tarar da taro. Yayanki yana nan, Baffa Sifana yana nan, ya ce gidan wansa ne, ba za a taɓa shi yana zaune a gida ba. Kin san shi, ya ajiye aikin gareji amma bai ajiye sifanar ba, tana aljihun gaba kamar yadda nake sa biro. Na karanta musu abin da ya kamata a karanta.

Yayanki ya ce, "Wato kwanon kejin kaji za a rufa wa uwata?"

Inna ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin kazar da ta jiƙe a kejinta ba."

Yayanki ya duba waya, ya ce shi ya faɗi nasa, alkawari kuma yana nan.

Kafinta ya zo ranar Litinin. Mutum ne mara magana. Na fara karanta masa bayaninki, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba yau na fara ba." Yana da na'urar murɗa sukuru wadda take tsayawa da kanta in ya ɗauru. Kwana huɗu cif, kamar yadda kika ce. Ya share garin ƙarfen da tsintsiya ba tare da an tuna masa ba. Rufin ya yi kyau ƙwarai, daga filin makaranta ina hango shi yana walƙiya. Inna ta ce ɗakin ya yi sanyi har ta koma yin barcin rana. Ta sa na fito mata da hoton mahaifinki daga cikin akwati, na mayar da shi bango, tun da yanzu ba ruwan da zai taɓa shi.

Baffa ya burge kowa. Kullum yana tsakar gida, hannu a baya, yana kallon aikin. Bai yaba da na'urar ba. Ya ce kayan 'yan zamani ba su da zuciya, da sun ji ɗan tauri sai su tsaya. Bayan kafinta ya kwashe kayansa, ya zo ya ari tsanina, ya ce, "Yarinyar nan ta ce kada a bar ko ɗaya a sake. Ta yi karatu, amma jinin gareji ne a jikinta." Da sassafe yake hawa kafin kwanon ya ɗau zafi. Na ce masa shekaru fa sun ja, ya ce in tafi in koyar da 'ya'yan mutane.

Ki kwantar da hankalinki, komai ya tafi daidai.

Ɗan'uwanki, Hedimasta.

*

Hedimasta,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Takardarka ta yi mako uku a hanya. Direba ya ce motar ce ta lalace, ya kuma ba ni labarin lalacewar tun daga farko, ban tambaye shi ba.

Me Baffa yake yi a kan rufin da sifana?

Na karanta wannan layin naka sau uku, kowane karo da fatan zai canja. Mutumin da ya taɓa ɗaure min murfin kwalbar zuma har sai da aka fasa ta, shi ka miƙa wa tsani ka tafi aji. Na kira wayarka jiya, a kashe. Na kira Inna, Yaya ya ɗauka, ya yi min jawabin minti goma a kan darajar iyaye.

Ka karɓe tsanin yau. Ka ce za a yi fenti a makaranta, ka ce an sace, ka ce duk abin da ka ga dama. Ai ya ji abin da na rubuta a kan matsewa, ko dai ya ɗauka da wani Baffan nake?

Injiniya.

*

Zuwa ga Injiniya,

Ina gaishe ki. Mu muna lafiya a jiki. Ban ga amsar takardata ba har yanzu, amma wannan ba za ta jira ba. Wayata ta faɗa ruwa, za ki ji yadda aka yi.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Iskar da ta zo ban ga irinta ba tun ina yaro. Ta kwashe rufin aji biyu a makarantarmu, ta ɗauki kwanon mai niƙa ta aza shi a kan bishiya. Naku ko motsi bai yi ba. Ina tsaye a baranda ina cewa a raina, Injiniya ta fita kunya.

Sai ruwa ya sauko. Maiɗakina ce ta fara jin Inna tana kira ta katanga. Da na shiga, ban san inda zan fara kallo ba. Ba wuri ɗaya yake zuba ba, ko'ina ne, ɗigo-ɗigo a jere, layi bayan layi, kamar an ja da rula. Silin ya jiƙe ya yi ciki. Muka jera bokitai da tukwane da daro, na ƙirga goma sha bakwai a ɗakinta kaɗai. A daron ne wayata ta faɗa. Inna tana zaune a tsakiyar gado da lema, ta rungume hoton mahaifinki a ƙarƙashin mayafi.

Ruwa bai gama tsayawa ba Yayanki ya iso. Bai cire takalmi ba. Ya zagaya ɗakin da waya yana ɗaukar kowane bokiti, yana magana a hankali kamar mai karanta labarai. Sannan ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ni ban ce komai ba."

Ta ce, "Na ji abin da ba ka ce ba. Ƙarshen wata ka turo mota."

Saura kwana goma sha tara ke nan. Ta fara naɗe zannuwa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu maganar gari ita ce kin zaɓi rufin banza daga cikin littafi. Wasu kuma sun ɗora wa kafinta, har mutum biyu sun janye aikin da suka ba shi. Jiya ya zo ya hau, ya yi kamar minti biyar, ya sauko fuskarsa a murtuke. Ya zuba min waɗannan robobin a tafin hannu ya ce, "Ka aika wa mai karatun. Ka ce ba haka na bar su ba." Suna cikin ambulan.

Ɗan'uwanki, Hedimasta.

*

Hedimasta,

Gaisuwa. Ina fatan bayanka ya jure ɗaukar bokitai. Ni lafiyata lau, abincin rana ne kawai na kasa ci.

Na zazzage ambulan ɗinka a kan teburin aiki. Na sa robobin a ƙarƙashin madubin gwaji don al'ada kawai, ko makaho ya shafa zai gane. An murƙushe su kamar an bi ta kansu da mota. Abokiyar aikina ta leƙo ta tambaya ko gwajin ƙarfin injin matsa muke yi. Na ce a'a, danginmu ne.

Ka faɗa wa kafinta aikinsa ba shi da aibu, kuma zan rubuta masa haka da hannuna ya nuna wa duk wanda ya ga dama. Rufin da ya tsaya a iskar da ta aza kwanon mai niƙa a bishiya, an bi shi da hannu an huda masa ido ɗari tara, cikin natsuwa, da sassafe, da tsanin shugaban makaranta.

Abin yana gyaruwa. Za a cire kowane sukuru a sa wanda ya ɗan fi shi kauri, mai faffaɗan zobe, a ɗaga inda ya lotsa. Na riga na ba direba kwali biyu na sababbin sukuru. Aikin kwana uku ne. Amma gyara ba ya goge alkawari, kuma na san uwata.

Na koma kan takardarka ta farko. Ka rubuta, "Na karanta musu abin da ya kamata a karanta." A lokacin na ɗauka salon malamai ne na cika layi. Yanzu ina tambayarka kai tsaye, kuma ina son amsar da ba ta sa babbar riga ba. Shafi nawa ka karanta?

Abin da yake tayar min da zuciya ba ruwan ba ne. Gida cike da manya, kowa da gemu da ra'ayi, tsoho ɗan shekara saba'in yana rarrafe a kan kwano kwana da kwanaki, ba wanda ya ce masa me kake yi. Ɗaya yana jiran shaguna, ɗaya yana gudun ɓacin rai, sauran suna yaba ƙoƙari. Ni kuma na zaɓe ka ne saboda ba ka ƙara gishiri. Ban yi tunanin tambaya ko kana rage nama ba.

Injiniya.

*

Injiniya,

Ina amsa gaisuwa. Kwalayen sun iso tare da takardunki biyu a rana ɗaya. Inna tana cin abinci kaɗan. Akwati uku sun cika.

Shafi ɗaya na karanta. Na biyun yana ofishina, a tsakanin rajistar aji huɗu da ta aji biyar.

Kin ce kada in sa babbar riga, to na tuɓe. Ranar ina tsaye a tsakar gida, Yayanki yana zaune taku biyu daga gwiwata, na juya takarda idona ya sauka a kan tumbi da karnuka. Me kike so in yi? Na laluba in tsinci maganar robar ita kaɗai, na ga kin ɗaure ta da zagin kamar an ɗinke. Na ninke na sa aljihu, na ce daga baya zan faɗa wa kafinta. Kafinta ya ce ya sani, kuma ya sani ɗin. Baffa bai zo min a rai ba. Da na gan shi a sama, gaskiya daɗi na ji, na ce tsoho ya sami abin yi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma ki ji nawa. Ke kina rubuta abin dariya ki liƙe ambulan ki koma ɗakinki mai sanyi. Ni nake haɗuwa da Yayanki a layin asibiti da wurin gyaran mota, matarsa da tawa tare suke zuwa kasuwa. Magana ɗaya ce a takardar nan da rufin uwarki ya dogara a kanta, kuma ita kika zaɓa ki yi wa ado. Kin iya ƙarfe, ban musa ba.

Ga inda muke. Baffa bai san komai ba. Kwana tara ya yi a sama, gwiwoyinsa sun kumbura har yanzu da sanda yake tafiya. Jiya ya ce min, "Da ban bi su na ɗaure ba, da iskar nan ta tafi da shi gaba ɗaya." Ya ce abin da ya rage da zai iya yi wa matar wansa ke nan. In na fito da shafi na biyu, na wanke ki, na wanke rufin, na kashe tsohon nan a tsaye, Yayanki kuma ya ji karnukansa a gaban jama'a, ya turo mota a ranar. In na bar shi a rajista, ke ce mai laifi.

Na gwada Inna. Na ce ai gyara za a yi, ruwan farko ba ya cikin lissafi. Ta ce, "Ni na ce in ya yi yoyo. Ban ce in ya yi yoyo da dalili ba." Wanda ya karɓi alkawarin ne kaɗai zai iya sakinta.

Saura kwana tara. Kafinta ya ce ba zai sake hawa ba sai an faɗi a fili cewa ba shi ba ne.

Hedimasta.

*

Hedimasta,

Ina gaishe ka, kuma wannan karon da gaske. Ka shafa wa bayanka magani, ka ce Inna ta ci abinci ko don ta sami ƙarfin yi min faɗa.

Na yi kwana biyu ina neman inda ka yi kuskure a takardarka. Na sami waƙafi ɗaya.

Ka bar shafi na biyu inda yake. A cikin wannan ambulan akwai wata takarda zuwa ga Yaya. Ka tara mutane kafin ka ba shi, har da kafinta, har da tela in yana kusa. Yaya ba ya jin magana sai da 'yan kallo. Ga abin da ke ciki, don kada ka tsorata ka kai ta rajistar aji shida:

"Yaya, ina gaishe ka da girmamawa. Yoyon rufin Inna laifina ne. Bayanin da ya isa gare ku bai cika ba, kuma ni na jawo hakan. Kafinta ya yi aikinsa daidai. Kai ka yi gargaɗi tun farko, ni na yi gaggawa. Ina roƙonka a matsayinka na babba ka ɗaga wa Inna alkawarinta zuwa ruwa ɗaya bayan gyara. In ya sake zuba ko ɗigo ɗaya, ba zan ƙara cewa komai ba. Ƙanwarka."

Sau huɗu na rubuta ta. Ukun farko duk akwai zakuna. Da na gama ta huɗun na je na wanke hannu da sabulun da muke wanke man inji.

Zai yarda. Ya tabbata rufin zai sake zuba, don haka kyautar ba za ta ci masa komai ba, kuma tun ina aji uku yake jiran ranar da zan rubuta masa "ina roƙonka". Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne na duba takardar daga sama har ƙasa ina neman ƙaryar da na yi, in ban da gargaɗin nan nasa ban sami ko ɗaya ba.

Ranar gyara ka san yadda za ka yi da Baffa. Ka aike shi wani wuri mai nisa.

Injiniya.

*

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa da albishir. Kowa lafiya, Inna ta koma cin abinci har tana ƙorafin gishiri.

Yayanki ya karanta takardar da kansa, a tsaye, sau biyu. Wurin "ina roƙonka" ya dakata ya sha ruwa. Ya ce shi mutum ne mai yafiya, ya ɗaga alkawari zuwa ruwa ɗaya. Na ji an ce ya kai takardar an manne ta da leda, tana falonsa kusa da hoton da ya ɗauka da ƙwan fitila.

Kafinta ya yi kwana uku. Ranar Lahadi da hantsi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa biyu, da iska. Yayanki ya zo da wayarsa tun ana yayyafi. Ya shiga kowane ɗaki, ya shafa bango, ya haska silin, har ƙarƙashin gado ya leƙa. Inna tana zaune tana tsince wake, ta ce, "In ƙishirwa kake ji, akwai ruwa a randa." Ya tafi bai yi sallama ba. Yanzu yana faɗa wa mutane shi ya sa aka gyara kuskuren ƙanwarsa. Akwatunan sun koma ƙarƙashin gado, hoton ya koma bango.

Saura maganar Baffa. Na aike shi karɓo allunan makaranta a can ƙarshen gari, amma ya dawo da wuri. Ya tarar da tsofaffin sukuru a cikin bokiti a gindin tsani. Ya tsuguna da gwiwar nan tasa, ya ɗauki ɗaya, ya juya robar a yatsa. Shekara arba'in yana canja irin wannan a injin mota, ba sai an karanta masa shafi na biyu ba. Ya ɗaga kai ya ce wa kafinta, "Duka haka suke?" Kafinta ya ce, "Duka, Baba." Ya ce, "Yarinyar ta sani?" Ya mayar da robar cikin bokiti ya miƙe.

Washegari ya zo ofishina. Ya zaro sifanar daga aljihu ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Ka aika mata. Ta ɗauki kayan da ba nata ba, ta haɗa da wannan." Ita ce nauyin da kika ji a ƙunshin. Aljihun rigarsa ya saki ya yi baki, sai kai hannu yake yi wurin. Kwana biyar ke nan bai shigo gidan Inna ba.

Ɗan'uwanki, Hedimasta.

*

Hedimasta,

Ina gaishe ku duka. Na gode, kuma ba zan maimaita ba, don haka ka adana.

Yaya ya riƙe ledarsa. Na ƙasƙantar da kaina a gaban tela don in rufa wa tsoho asiri, tsohon ya gano cikin minti ɗaya da yatsa biyu. Ilimin jami'a ke nan.

Ga sifanar na mayar. Ka kai masa gida da kanka, ka karanta masa wannan:

Baffa, ina gaisuwa, yaya gwiwa? Irin wannan rufin ba a gama shi. Zafi yana miƙa kwano, sanyi yana janye shi, kowace shekara wasu sukuru suna ɗagowa, wasu robobin rana tana cinye su. Dole kafin kowace damina wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafinta zai hau, amma ina son wanda zai tsaya a kansa ya karɓi duk robar da aka cire ya duba, kuma yanzu ba wanda ya san fuskar matacciyar roba kamar kai. Wanda ya ɗago, a murɗa shi har robar ta zauna, a tsaya. In ba mai dubawa, shekara uku ta yi yawa Yaya zai dawo da wayarsa. Inna ta ce kujerarka tana tsakar gida tana tara ƙura.

Ban tambayi Inna ba, amma za ta ce ta faɗa.

Wannan takardar shafi ɗaya ce, bayanta fari ne. Na duba sau biyu, ba kare ko ɗaya. Ka karanta ta duka.

'Yar'uwarka, Injiniya.